Garin da Alhaji ya bari a kwamfutar aro

Shekarun baya, bayan soja sun koma bariki, ciwon ƙafa ya zaunar da maigidana. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana sayar da fata a kasuwar Kurmi, sai ga shi daga ɗaki sai zaure. Ƙaninsa ya ara masa kwamfuta ya rage zaman shiru, ɗana ya zuba masa wasanni a ciki. Na mota da na ƙwallo bai ko kalle su ba. Na gina gari ya kama.

Ni ban yi boko ba, yanzu ma faɗa nake ana rubutawa, amma idona ba ya mantuwa. A garin nasa na cikin kwamfuta na ga ganuwa, na ga ƙofofi, na ga rijiyoyi. In na kawo abinci sai ya ce, "Hajiya, ajiye, ina fitar da titi."

Na ce, "Sannu Gwamna. Mu talakawa ina aka ba mu?"

"Na yi miki gida jikin kasuwa, ki huta da mitar nisa."

"Nuna min."

"Sai na gama."

Allah ya karɓi abinsa bai gama ba.

Da na fita takaba, ƙanin nasa ya aiko da sallama da ban haƙuri, 'yarsa za ta shiga jami'a, tana bukatar kwamfutar. A gidanmu ba a mayar da tukunyar aro da ƙanzo. Mahaifiyata har gindin take sa mu goge da toka. Na ce wa ɗana ya kwashe duk abin da muka zuba, a mayar musu yadda suka kawo. Ya danna nan, ya danna can, ya ce, "Inna, an gama." Ni kuwa na ɗauko tsumma na goge gilashin har yana ƙyalli, ina ganin na yi nawa.

Da la'asar 'yata ta biyo daga ofis. Ta duba ta ce, "Yaya, sunan wasan kawai ka cire. Tarkacen na nan."

Ya ce, "Kin fara iyayin naki."

Ta juyo da allon ta nuna masa. Ashe in an cire wasa, yakan bar kaya a lungu-lungu: inda ya zauna, da wata ma'ajiya da ke ɓoye sai an ce ta fito, da inda yake adana abin da mai wasa ya yi. Ta bi su tana sharewa, tana karanta sunan kowanne kafin ta taɓa, kada ta haɗa da kayan mutane. Sai hannunta ya tsaya.

"Inna, wannan garin Baba ne. In aka mayar da wasan, zai dawo yadda ya bar shi. In na goge, shi ke nan."

Ɗana ya ce a bar shi, wa zai sani? Na ce ni na sani. Yarinya za ta yi karatu, ba za a bar mata kayan mamaci a ciki ba. Amma bakina ya ƙi cewa goge. Ni da ake tsoron bakina a unguwa, na zauna ina murza bakin zani.

'Yata ce ta ce a kwafe garin a faifan kwamfuta. Ta kwafe, ta goge na cikin, ta zubar da kwandon sharar kwamfutar, don wai abin da aka jefa can ma bai tafi ba. Washegari aka mayar da ita fes, na haɗa da alkaki, don ba a mayar da aro hannu wofi.

Abin da na riƙe shi ne, cirewa daban, sharewa daban, kuma kafin ka share ka duba mene ne. Faifan yana cikin kwallata har yau. An ce kwamfutocin yanzu da wuya su buɗe wasan, ni ma ban matsa ba. Alhaji ya ce gidan nawa jikin kasuwa yake, na yarda.