Gayyar da Baba Ya Kira a Shekarar Dokar Soja

Shekarar da ciwon kurkunu ya kama ƙafar Baba ya kwantar da shi ita ce shekarar da aka kafa dokar hana taro. Mu a Kwandere dokar soja muke ce mata, don mun ga sojoji a bayan babbar mota sun nufi Lafia. An ce rikici ne ya tashi a wani gari can nesa. Har yau da na tsufa ban san me ya haɗa mutanen ba.

Ruwa ya sauka, kowa na huɗar doya, tamu gonar kuwa tana kwance. Baba bai taɓa ƙin zuwa gayyar kowa ba, Musulmi ko Kirista, don haka da ya kira tasa babu wanda ya noƙe. Ko a mafarki ba mu ɗauki gayya a matsayin taro ba. Aiki ne kawai. Inna ta sa aka yanka akuyarmu ɗaya tilo, ni da ita muka dama kunu muka tuƙa tuwo har hannuna ya yi kanta.

Da hantsi maza suka jeru da garemani a kafaɗa, makaɗi a gaba, matasa na kirari suna ihu kamar yadda aka saba. Sojojin da ke kan hanya suka ji ganga, suka hango ƙarafa na ƙyalli. Ba su tambayi kowa ba. Suka faɗa gonar da gindin bindiga, suka fasa gangar, suka tara garemanin a mota, suka ɗaure mazan da igiya ɗaya.

Baba ya jawo ƙafarsa a ƙasa har bakin hanya, ni da Inna muna biye da shi.

"Ranka ya daɗe, noma ne! Ni na kira su, ni za ku kama."

Babbansu ya dubi ƙafar, ya toshe hanci. "Baba, koma gida. Oda ne daga sama. Wannan doka don a kare ku ne."

A kare mu daga wa? Na so in tambaye shi, Inna ta matse min hannu. Haushin wannan shirun bai bar ni ba.

Kafin a sako su daga Lafia lokacin shuka ya wuce, har nasu gonakin sun yi ciyawa. Suka zo gaishe da Baba, wasu da tabon igiya a hannu. Ya kasa ɗaga kai, sai haƙuri yake ta ba su, su ma suna ba shi.

Da damina ta yi nisa rumbu ya ƙare, Inna ta shiga ɗakin da aka ajiye irin doya, wanda Baba ya gada daga mahaifinsa. Ta fere tsiron ta dafa mana. Mu yara muka cinye namu, har da lashe hannu, don yunwa muke ji. Na kai wa Baba nasa. Ya buɗe kwanon, ya gane ko wace doya ce, ya rufe a hankali.

"Kai wa ƙannenki," in ji shi, ya juya fuskarsa ga bango.