Ɗakin da Na Kama wa Hajiya Yagana a Paris

Ba zan faɗi sunana ba, domin ba zai amfane ku da komai ba. Ni ɗan wani ƙauye ne a arewacin Ɗambatta, inda gona take manne da gona, gida kuma yake manne da gida. Mahaifina manomi ne, gero da wake da gyaɗa yake yi. Na gama sakandare ban samu halin ci gaba ba, amma Allah ya ba ni saurin gane waya da kwamfuta. Wani mai shagon buga takardu a Ɗambatta ya ɗauke ni aiki. Da safe in hau keke in tafi, da la'asar in dawo in taya Baba a gona. A lokacin ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba.

Wata rana wani babban ɗan kasuwar hatsi, Alhaji Sani, ya shigo shagon. Ya ce zai kai maiɗakinsa Paris ta yi sayayya, an ce ba za a ba su biza ba sai da takardar otal. Ya ce in nemo masa wanda yake kusa da manyan kantuna. Kwana uku na yi ina zaune gaban taswirar garin da ban taɓa takawa ba. A nan na gane otal ɗin da ke bakin babban titin kantuna tsada gare shi, ɗakinsa kuma bai fi zauren gidanmu ba. Idan ka koma layi biyu a baya, sai ka samu mai sauƙi da shiru. Na duba wanda yake da na'urar hawa bene, da wanda ke kusa da tashar jirgin ƙasa, da wanda za a samu abincin halal a gefensa. Na zaɓa masa da gaskiya. Ya dawo yana ta yabona a kasuwa.

Bayan sati biyu wani abokinsa ya zo, ya ji yadda nake lissafo unguwanni, sai ya ce, "Kai yaro, ka taɓa zuwa ne?"

Na ce, "Sau ɗaya, Alhaji."

Ban shirya ƙaryar ba, fitowa ta yi. Na ga yadda ya gyara zama ya fara ce min Malam, sai na ji daɗi. Daga ranar ban sake cewa ban taɓa zuwa ba.

Na fara ɗora wani abu a kan farashi ba tare da na faɗa ba. Sannan na gano ana iya kama ɗaki ba a biya ba, a buga takarda, daga baya a soke. Wanda aka hana biza sai in ce masa otal ba ya mayar da kuɗi, alhali ban biya su komai ba. Wanda ya samu biza kuma, ana gobe tafiya sai in ce wancan ya cika, in tura shi wani can bayan gari. Su yi ƙorafi, in ba su haƙuri, ya wuce. Na bar shagon, na kama ofis a unguwar Bacirawa a Kano, na manna hotunan tituna da kantuna a bango.

Da na kai wa Baba shadda da hula, ya juya su a hannu ya ce, "Wai wace irin sana'a ce wannan, kana sayar da ɗakin da ba ka taɓa ganin ƙofarsa ba?"

Na ce, "Baba, zamani ne."

Ya ajiye kayan a kan tabarma. Ban taɓa ganin ya sa su ba.

Ana haka Hajiya Yagana ta zo ofishina da 'yarta Falmata. Asalinsu mutanen Borno ne, amma sun daɗe a Kano. Dattijuwa ce mai sayar wa mata jakunkuna da takalma da turare a gida. Ta saba zuwa Dubai, wannan ne karonta na farko a Turai. Da ƙyar ta hau matakala uku na ƙofar ofishin.

Ta ce, "Ɗana, ka ga gwiwoyin nan. Ba na son nisa. Ka samo min inda zan fita in yi cinikina, in azahar ta yi in taka in koma ɗaki in yi sallata. Kada ka sa ni hawan bene."

Na nuna musu otal uku. Na farko a bakin babban titi, Falmata ta so shi saboda kyan ƙofarsa, Hajiya ta ce hayaniya za ta hana ta barci. Na biyu yana tsallaken kogi, wajen ƙananan shaguna masu tsada, ta ce ba irin kayanta ba ne. Na uku ƙarami ne, a wani layi bayan manyan kantuna biyu, da na'urar hawa bene, da gidan abincin wasu Larabawa a kusa. Ta sa aka ƙara girman hoton ɗakin, ta nuna gefen gado da yatsa ta ce, "Nan dadduma za ta shiga. Shi nake so."

Ta biya na sati guda gaba ɗaya. Da za ta tafi ta ciro ƙullin turaren wuta ta ce in kai wa mahaifiyata, ta yi ta sa min albarka.

Biza tana fitowa na soke ɗakin. Niyyata in kama musu mai araha kafin tafiya, kamar yadda na saba. Amma na riga na sa kuɗin a wani babur da na daɗe ina so. Kullum in ce gobe wani zai kawo nasa in toshe da shi. Ba wanda ya zo. Ranar da jirginsu ya tashi na kashe wayata, na kulle ofis, na koma ƙauye na ce na zo taya girbi.

Abin da ya same su a bakin Falmata na ji shi, a gaban alƙali. Da hantsi suka sauka, lokacin sanyi ne, ana yayyafi. Ma'aikacin otal ya duba takardarsu, ya juyo musu da kwamfutarsa su gani da idonsu: an soke tun makonni da suka wuce. Ba ɗaki ko ɗaya, domin lokacin rangwamen kantuna ne, unguwar ta cika. Suka riƙa jan akwati daga wannan otal zuwa wancan, ba su jin yaren, kuɗin hannunsu kuma na sarin kaya ne. Da ƙafar Hajiya ta ƙi, sai ta zauna a kan akwatinta a wata rumfar jiran bas, mayafinta ya jiƙe. Falmata ta ce duk tsawon yinin mahaifiyarta ba ta zage ni ba. Cewa take yi, "Sake kiran yaron nan, kuskure ne aka samu. In ya ji zai gyara."

Sai da la'asar wani direban tasi ɗan Nijar ya ji suna Hausa, ya kwashe su ya kai wa iyalinsa a bayan gari. Amma sanyi ya riga ya shiga ƙirjin Hajiya. Satin da ta so yi a kantuna a asibiti ta yi shi. A keken marasa lafiya aka sauko da ita a Kano, kuma ba ta sake tashi ba. Bayan wata biyu ta rasu. Likita bai ce ni na kashe ta ba, alƙali ma bai ce ba. Ni dai na san inda ta yini, na kuma san wanda ya zaunar da ita a wurin.

A gona 'yan sanda suka same ni, muna ɗaurin gero. Suka tambayi Baba ina ɗansa. Ya dube ni, ya dubi maƙwabta da suka tsaya da aiki suna kallo, ya ce, "Ga shi nan." Da maganar ta fito, sauran waɗanda na cuta su ma suka zo. Aka yanke min shekara uku.

Ba zan tsawaita a kan gidan yari ba. Akwai cunkoso, da ƙwarkwata, da yunwa, amma ba su ne suka fi cin raina ba. Sau ɗaya Baba ya zo. Ya rame, ya miƙo min ƙuli-ƙuli da garin kwaki a leda. Na karɓa na ajiye a gefe. Sannan ya ce, "Na je gaisuwar matar. Na faɗa musu ni ne ubanka."

Na ce, "Me suka ce, Baba?"

Ya ce, "Shimfiɗa suka yi min, suka kawo min ruwa. Da sun kore ni da ya fi min sauƙi."

Da na fito, washegari na nemi gidan Hajiya Yagana. Babban ɗanta ya fito ya same ni a ƙofa, na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni. Da na gama, sai ya ce, "Ni na yafe nawa, Falmata ma zan roƙe ta. Na Hajiya kuma ba a hannunmu yake ba."

Yanzu noma nake yi. Ba mai ba ni ko katin waya in sa masa, kuma ban ga laifin kowa ba. Na tuba, ina roƙon Allah gafara, duk sallar da na yi ina sa Hajiya a addu'a.

Ku matasa masu wayo da waya, da ku nake. Duk wanda ya miƙo muku amana saboda kun san abin da bai sani ba, ku ji tsoron Allah a kansa. Abin da ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba, ladanku ku faɗe shi a fili, abin da aka ba ku don wani aiki ku yi aikin da shi a ranar. Kada ku ce gobe za ku gyara. Ni ma haka na ce, ga shi yau wadda nake nema ta yafe min tana ƙarƙashin ƙasa.