Jagoran da Kawu Ya Ɗauka Zuwa Paris

Mijin yayata ya taɓa zuwa Paris sau ɗaya, lokacin da ubangidansa ya tafi da shi sayen tsofaffin motoci, kuma tun daga nan Abidjan ta yi masa kaɗan. A majalisarmu ta kusa da Adjamé Mairie, kafin shayi ya tafasa ya riga ya sauke mu a filin jirgin Turawa yana shigar da mu gari: ga jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin gidaje, ga bas, tasi kuwa wai sai baƙauye. In muka matsu cikin tasin haɗaka, woro-woro, zuwa Treichville, sai ya toshe hanci da hankici, yana cewa a can mota ba ta jiran ta cika. Mutumin da aka haifa a bayan kasuwar Gouro ke nan, cikin warin ruɓaɓɓen tumatir.

Kawuna, wanda ya daɗe yana fito da kaya a tashar jiragen ruwa, ya gaji da dillalan da ke sayo masa motoci, ya ce zai je ya zaɓi motocinsa da idonsa. Ya sayi tikiti biyu, ɗaya na mijin yayata a matsayin jagora. Ranar tafiya mijin yayata ya sa kwat mai kauri tun daga Adjamé, gumi na zuba yana mana sallama da Faransanci.

Da Kawu ya dawo muka ji sauran. Suna sauka ya ce, "To ɗana, ina muka nufa?"

"Kawu, ka biyo ni kawai."

Suka hau wata bas da ba a karɓi ko sisi ba. Jagora ya ce ai haka Turai take. Ashe bas ɗin zagaya filin jirgin kawai take yi, daga wannan ƙofa zuwa waccan. Shi kuwa yana ta nuna wuraren ajiye motoci yana cewa an kusa shiga gari.

Can Kawu ya ce, "Wannan ƙofar, ba ta nan muka fito ba?"

"Kawu, gine-ginen Turawa duk kama ɗaya gare su."

Da ƙofar ta sake dawowa, tsoho ya ɗauki jakarsa ya sauka ya tare tasi. A cikinta ne jagora ya amsa cewa zuwansa na fari mota ce ta ɗauke su, ya yi barci har masauki. Jirgin ƙasan da yake ba mu labari bai taɓa shigarsa ba, hira ya ji a masaukin.

Ya ɗan ƙaurace wa majalisa, sannan ya dawo ya zauna a wurinsa. Ya ce laifin Turawa ne, sun sake fasalin filin jirgin ba su sanar ba. Kawu ya miƙa masa shayi. Tafiyar Kawu ta gaba shi kaɗai ya yi, har Anvers ta ƙasar Beljiyam ya kai a jirgin ƙasa, da tambaya.