Kifin da ke Bayan Chizuru

A unguwarmu ta bayan tashar Kokura, idan zafi ya kai intaha har tsofaffi suka fito ƙofar gida da singileti suna fifita, mutum ɗaya za ka gani cikin riga mai dogon hannu, an ɓalla maɓalli har wuya. Chizuru ke nan, 'yar gidan Irie. Matan layi sun daɗe da yanke mata hukunci, wai tsoron rana take yi kada fatarta ta yi duhu. Ba ta taɓa musawa ba. Ƙaryar da mutane suka ƙago maka da kansu ta fi sauƙin riƙo.

Ta kusa arba'in, ba aure, ba ɗa. Ubanta ma'aikacin kamfanin ƙarfe ne, ya rasu tana sakandare, ya bar ta da uwarta Tomie da wani ɗan gidan katako mai yoyo. Yarinya ce mai hannun zane, malamanta suka yi ta zuga ta sai ta je jami'a. Kuɗin zuwa kuwa babu, sai aka nuna mata abin da ake kira tallafin karatu. Ni dai ban taɓa ganin tallafin da ake bin mutum shi har furfura ba, amma sunan da aka raɗa masa ke nan. Kafin a ba ta sai da aka nemi mutum biyu su tsaya mata. Uwarta ta buga hatiminta, Kawu Genzo, ƙanen uwar, mai walda a wurin ƙera jiragen ruwa, shi ma ya buga nasa, yana dariya yana cewa idan ta zama babbar mai zane ta fara da shi, ta mayar masa da gashin kansa.

Ta gama, ta fito da takardarta, aikin koyarwar da ta ci buri bai samu ba. Ta tsaya kanti, ta yi aikin zuba shinkafa a kwalaye, ta yi amsa waya a wani kamfani har kunnenta ya fara ruwa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma nata ya fi cikinta girma. Wata ya zo ta kasa biya, wani ma ya zo ta kasa, sai aka buga wa Kawu Genzo waya a wurin aikinsa, abokan aikinsa na ji. Bai yi mata faɗa ba. Ya biya, ya zo gidan da kankana a hannu, ya yi ta hirar ƙwallo. Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

A makon da aka yi haka ta hau benen da ke saman shagon mai taliya, inda wani tsoho ke yi wa mutane jarfa, wato zanen da ake cusawa cikin fata da allura da tawada, wanda sai dai a kai shi kabari. Ta ji ana cewa aikin da kuɗi. Tsohon ya duba zanenta, ya ce hannu kam akwai, amma shi ba ya koya wa wanda bai san zafin allura a jikinsa ba. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Ta kwanta masa rub da ciki tsawon wani lokacin sanyi, ta tashi da ƙaton jan kifi a bayanta, daga kafaɗa har ƙugu, igiyoyin ruwa sun gangaro mata har gwiwar hannu.

To mu nan, kowa ya san yadda muke. Mai zane a jiki ɗan daba ne, ko da limamin haikali ne ya haife shi. Ba ya shiga wurin iyo, ba ya shiga gidan wanka, akwai kamfanin da ba zai ɗauke shi ko shara ba. Amma ka hau benen Chizuru, yanzu da tsohon ya rasu ya bar mata ɗakin, ka ga masu zuwa: kuku, direban babbar mota, ma'aikaciyar jinya, har wani mai taye da ke aiki a banki. Kowa ya gama ya mayar da riga ya ɓalla maɓalli, ya sauka yana sunne kai. A gida kuwa an san ta da zana wa wani kamfani furannin yadi. Da wannan allurar take biyan bashin duk wata, ba a sake buga wa Kawu waya ba. Sai dai ƙugunta ya sage, idonta ya fara hazo, da safe sai ta tsoma yatsunta a ruwan ɗumi kafin su miƙe. Wani ya taɓa fitowa neman aurenta, iyayensa suka ji labarin bashin suka ce ba da su ba. Bai ma kai ga ganin bayan ba. Ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya magani.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ranar Asabar. Tun tana ƙarama, duk Asabar ita da uwarta sukan ɗauki 'yar roba da sabulu su tafi gidan wankan tsohuwa Sumie da ke ƙarshen layi. Su zauna a kan 'yan kujerun nan, cuɗe ni in cuɗe ki, 'ya ta goge bayan uwa, uwa ta goge na 'ya, sannan su shiga ruwan zafi su jiƙu har fuska ta yi ja. Mutanenmu ba su iya cewa ina son ki ba, a bayan juna suke faɗa da tsumma. A shekarar da Chizuru ta kwanta wa tsohon, a shekarar aka kwantar da Tomie asibiti aka cire mata nono ɗaya. Da ta warke ta ɗauko robarta ta ce su je. Chizuru ta ce aiki ya yi mata yawa. Asabar ta zagayo ta ce mura. Daga baya uwar ta daina tambaya, ta riƙa tafiya ita kaɗai, shekara goma sha huɗu.

A bana tukunyar dafa ruwan Sumie ta fashe, aka liƙe, ɗanta ya ce shi ba zai gaji wahala ba, aka sanar za a rufe gidan wankan ƙarshen wata. Ranar Lahadi da rana Chizuru ta je gida ta tarar da Kawu Genzo ya baje yana shan shayin sha'ir mai sanyi.

"Kai, ga sarauniyar ƙanƙara!" in ji shi. "Ke wai ba kya jin zafin nan ne? Ni kallon rigarki ma gumi yake sa ni."

"Kawu, ai kai kanka ba rufi, dole iska ta wadace ka."

"Ji 'yar banza. Yaya, kin ji abin da 'yarki ke ce min? Ina gashin da kika yi alkawarin zana min?"

Suka yi dariya, ya shanye shayinsa ya tafi kallon tseren keke. Gidan ya yi tsit, sai kukan gyare a waje. Tomie na wanke kofuna da hannu ɗaya, ɗayan ya daɗe ba ya ɗaguwa sosai. Ba ta juyo ba ta ce, "Sumie za ta rufe."

"Na ji, Mama."

"Da kin raka ni sau ɗaya. Hannun nan ba ya kaiwa bayana. Zan rufe wurin da tawul. Na iya riƙe shi yanzu, ko kaɗan ba ya zamewa. Ba za ki gani ba."

"Ba zan ga me ba?"

"Haba Chizuru. Ni yarinya ce? Tun da aka yanke ni kika ɗauke ƙafa. Ban ga laifinki ba, ni ma na daɗe ban iya kallon madubi ba. Ƙyama ba a tilasta wa mutum ya bar ta."

Duk shekarun nan Chizuru tana lissafin abin da take tsare wa uwarta, kunyar layi da bakin mata, ashe baiwar Allah tana can ita kaɗai a kan 'yar kujera tana zaton 'yarta ƙyamar jikinta take yi. Chizuru ta sa hannu ta fara ɓalle maɓallan rigar, ta zame ta, ta juya wa uwar baya.

Ruwan famfo ya yi ta zuba. Can Tomie ta kashe shi.

"Yaushe?"

"Shekarar da aka buga wa Kawu waya. Aikin da nake yi ke nan, Mama. Babu wani kamfanin yadi."

"Kifi," in ji Tomie. Muryarta ta fashe, fushi da kuka a haɗe. "Saboda kifi? Na yi shekaru ina kwana da abin nan a zuciyata, ashe kifi ne? Ke da ubanki duk ɗaya, bakinku kamar an ɗinke!" Ta jefa mata tsumman goge kwano, ya same ta a kafaɗa. Ta tsaya tana haki. Sannan ta ce, "Mayar da rigarki. Ɗauko roba."

Suka isa ana buɗewa, babu kowa tukuna. Allon nan yana nan a ƙofa inda ya saba, masu zane a jiki ba su shiga. Sumie na zaune a kan dandamalinta da ke kallon ɗakin tuɓe kaya, da Chizuru ta cire riga sai tsohuwar ta saki baki.

"Tomie, kin san dai ƙa'ida..."

"Rufe min baki, Sumie. Nan da mako biyu motoci za a riƙa ajiyewa a nan. Wa za ki kai wa ƙara?"

Sumie ta cire tabarau ta sa a aljihu. "Ni idona ya mutu, ban ga komai ba. Amma don Allah ku fito kafin matan layi su zo." Iyakar alherin da unguwarmu ta iya ke nan, kuma Chizuru ta karɓa da godiya.

Ta zaunar da uwar, ta sa sabulu a tsumma. Bayan da ta sani mai faɗi ya tsotse, ƙasusuwa sun fito, sai da ta rage ƙarfin hannu. Tawul ɗin da aka yi shekaru ana koyon riƙewa ya zame ya faɗi ƙasa, babu wanda ya ɗauka. Tabon ɗan siriri ne, fari, bai kai tsawon tafin hannu ba.

"Juyo," in ji Tomie.

Chizuru ta juya. Uwar ta kama tsumman da hannunta mai lafiya, ta shiga gurzar kifin nan da iyakar ƙarfinta, tun daga kafaɗa, har fatar ta fara raɗaɗi.

"Mama, ba ya fita fa."

"Na san ba ya fita, ni mahaukaciya ce?" Ta ƙara sabulu. "Duk shekarun nan wa ke cuɗa miki bayan?"

"Babu kowa."

Tomie ta ɗebo ruwan ɗumi ta zuba mata a hankali, ta sake farowa daga kafaɗa.