Ya Manta Ya Ce Teku

Maigidana bai taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da ya sani shi ne dam ɗin Kazaure, shi ma daga bakin gaɓa, don ko kwalekwale bai taɓa yarda ya hau ba. Amma na zauna da shi shekaru ina jin labarin tsibirai da jiragen ruwa kamar a can aka binne cibiyarsa. Malamin firamare ne a wani ƙauye ta hanyar Gwiwa. Da safe ya hau babur ya tafi, bayan azahar ya dawo, ya ci abinci, ya jingina da bangon ɗaki ya ɗauko waya.

Abin da yake kallo katun ne na mutanen Japan, zanen nan mai motsi, labarin 'yan fashin teku. Tun yana makarantar horon malamai ya fara. Aka yi aurenmu yana kallo, na haifi 'yarmu yana kallo, ta shiga islamiyya, labarin bai ƙare ba. Ni ba na jin yarensu, rubutun Turancin da ke gudu a ƙasa kuma ya fi ƙarfin idona, don haka shi yake fassara mini ina tsintar shinkafa. Ya ce duniyarsu ruwa ce da tsibirai, kowane tsibiri da sarkinsa da irin abincinsa, amma gwamnati ɗaya ce a kan kowa. Gwamnatin nan tana da 'yan gata waɗanda doka ba ta hawa kansu. Ta goge wani zamani sukutum daga tarihi, wanda duk ya nemi sanin abin da ya faru a cikinsa sai a ƙone garinsu. Tana farautar 'yan fashi, amma akwai waɗanda ta ba izini su yi fashin, su riƙa yi mata aiki.

Nakan ce, "Malam, in dai wannan ne ai ba sai an je Japan ba."

Shi kuma ya ce, "Ke dai tsinci shinkafarki, kada ki ja mana."

Yana da aboki a Babura, wanda suka yi makaranta tare, shi ma cutar ta kama shi. Duk lokacin da sabon kashi ya fito sai sun yi waya. Sashenmu babu sabis, don haka ƙofar gida yake fita, ƙarƙashin dalbejiya, kuma Allah bai yi shi da ƙaramar murya ba. A nan ya yi kuskuren. "'Yan fashin teku" ya yi masa tsawo a baki, sai ya riƙa yar da tekun. Daga tsakar gida ina jin sa.

"Ka ga an ƙara kuɗin da aka sa a kan oga?"

"Sojoji sun kewaye su, amma akwai namu a cikin gwamnati, ya riga ya tsegunta musu."

"Ni wallahi ina bayan 'yan fashin nan. Su ne masu gaskiya."

A shekarun nan kuwa labarai marasa daɗi suna ta zuwa daga yamma. Mutanen Roni da Gwiwa da ke shigowa kasuwa kowa da abin da ya ji. Kalmar infoma ta shiga bakin jama'a, wato mai gaya wa 'yan bindiga wa ya sayar da shanu, wa ɗansa ya aiko masa da abu. Ni ban taɓa haɗa wannan da wancan ba. Ashe akwai masu haɗawa.

Da damina zazzaɓi ya kama shi. Ya kwanta, ba a daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Ba zan tsawaita a nan ba.

Na lura masu ta'aziyya ba su yi yawan da na zata ba. Malami ne da ya koyar da 'ya'yan mutane, ya kamata tabarmi su yi kaɗan. Wasu matan unguwa suka shigo, suka yi gaisuwa a tsaitsaye, ko ruwa ba su sha ba. Mahaifinsa, wanda muke gida ɗaya da shi, ya daina zama a majalisar ƙofar masallaci. Daga salla sai ɗakinsa. Na ɗauka baƙin ciki ne kawai. Sai ranar da 'yata ta dawo daga islamiyya, ta ajiye jakarta, ta ce, "Umma, mene ne infoma? Wai Abba shi ne."

Na kira ƙanwar mijina. Da can tsokana ce tsakaninmu, ranar kuwa ta kasa kallon idona.

"Anti, kowa ya sani sai ke. Maƙwabcinmu mai injin niƙa ya ce da kunnensa ya ji Yaya yana waya da su. Har oga yake cewa. Kuma ga shi kullum yana hanyar Gwiwa."

"Wurin aikinsa ne fa."

"Sun ce shi ya sa ya ƙi neman canjin wurin aiki."

Sai na yi dariya. Ita ce ta farko tun rasuwarsa, kuma ba ta yi kyau ba, don ta ƙi tsayawa har sai da ta juye kuka. Ƙanwar tasa ta riƙe ni tana karanto addu'a, ta zaci iskoki ne.

Ina cikin takaba, ba zan fita in bi gida gida ina bayani ba. Abokin na Babura ya riga ya zo ya koma, kuma da ya tsaya yin bayani da shi ma an ce abokin sana'a ne. Mutum ɗaya ne zai iya wanke sunan mijina a unguwar nan, shi ne mahaifinsa. Suruka ba ta aika wa surukinta ya zo, amma na aika. Bayan la'asar ya zo ya tsaya a bakin ƙofata. Na durƙusa daga ciki, na miƙa wa ƙanwar mijina wayar marigayin, ita ta riƙe masa.

Na ce, "Baba, ga 'yan fashin da ake magana."

Ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallo. Ana ta ihu a cikin wayar, jirgi yana tangaɗi, wani mai dogon hanci yana gudu.

"Wanne ne ogan?"

Ƙanwar mijina ta nuna masa.

"Wannan mai malafar? Makiyayi ne?"

"A'a Baba, shugabansu ne."

"Ikon Allah." Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "'Yar nan, tun yaushe yake kallon wannan abin?"

"Tun kafin a kawo ni, Baba."

"Da gemunsa."

"Da gemunsa, Baba."

"Yana koyar da 'ya'yan mutane da safe, da rana ya zo ya zauna gaban 'yan tsana."

Ya nemi kujera aka kawo masa. Na ga tsohon nan ya shiga wani hali da ban yi tsammani ba. Na zaci zai yi hamdala ya tashi. Ashe abin da na ɗora masa shi ma kaya ne. Dattijo ne da ya yi aikin ƙaramar hukuma har ya yi ritaya, ana tashi tsaye idan ya iso. Yanzu sai ya je gaban sa'o'insa ya ce ɗansa ba mugu ba ne, katun yake kallo.

Can ya ce, kamar da kansa yake magana, "Infoma dai, Allah ya tsare, ko ba komai laifin manya ne."

Na ce, "Baba, don jikarka ne. A islamiyya ake gaya mata."

Sannan ya miƙa hannu ya karɓi wayar, ya ce in gaya masa labarin daga farko, yadda ɗansa ya gaya mini, don ba zai je majalisa a yi masa tambaya ya kasa amsawa ba. Na gaya masa abin da na riƙe: gwamnati ɗaya, 'yan gata, tarihin da aka goge, 'yan fashin da aka ba izini. Ina faɗa ina jin kalmomin mijina suna fitowa daga bakina, har da inda yake tsayawa ya ja numfashi. Baba yana gyaɗa kai. Da na zo kan wata jarida a labarin da ke buga abin da gwamnati take so, ya ce, "Wannan kam na gane shi."

Washegari da hantsi ya fita majalisa da babbar riga. Ban ga abin da ya faru ba, ƙanwar mijina ce ta laɓe a zaure ta kawo mini. Ta ce ya sa an kira mai injin niƙa, ya sa ya maimaita abin da ya ji, kalma bayan kalma. Duk wadda ya faɗa, Baba ya ce, "Na teku." Ya faɗi oga, Baba ya ɗaga waya ya nuna mai malafa. Ya faɗi sojoji, Baba ya ce na ruwa ne, kuma zane ne. Mai injin niƙa ya ce shi dama bai ce tabbas ba, cewa ya yi ya ji. Wani Bafulatani dattijo da ke zama da su ya ce a ba shi ya ga malafar da kyau, ya duba, ya ce saƙar ba ta nan ba ce.

Daga nan, in ji ta, aka bar zancen mijina. Wani tsohon ma'aikaci ya ce shi bai ga laifin gwamnatin ba, duniya mai tsibirai da yawa haka dole a riƙe ta da ƙarfi. Wani ya ce to goge tarihi fa? Aka ce wane tarihin ne ba a goge ba. Aka koma kan zaɓen kansila da ya wuce. Ladan ya kira azahar suna musu.

A kwanakin da suka biyo baya sai ga ta'aziyya ta dawo sabuwa. Matan da suka gaishe ni a tsaitsaye suka zo suka zauna, suka sha ruwa, wata ma ta kawo ƙosai. Kowacce ta ce ita dama ba ta yarda ba. Matar mai injin niƙa ce ta fi kowa daɗewa. Da za ta tashi ta kama hannuna ta ce, "Allah ya jiƙan Malam. Ashe bawan Allah ne, yarinta ce kawai ba ta sake shi ba."

Na ce amin.

'Yata ta dawo daga islamiyya ta ce yanzu 'yar mai katun suke ce mata, kuma wasu suna tambaya ko za ta zo musu da wayar. Ta tsaya tana kallona, tana jira ta ji ko wannan ma abin kuka ne. Na ce mata wannan gaskiya ne, idan sun kira ta, ta amsa.