Shekarar da Aka Toshe wa Sale Ruwa

Da tankin feshi mutanen Taloka suka fara sanin Sale. Lokacin da aka soma sakin ruwan madatsar Goronyo zuwa fadama, kowa ya tsunduma noman albasa, shi kuwa abin da ya gada bai wuce fangali ashirin da huɗu na noman rani ba. Ba su isa su riƙe gida ba, sai ya koma yi wa mutane feshin maganin ƙwari. Shekara bakwai yana goyon tankin nan. Da hannu yake dama maganin, in bakin famfon ya toshe ya sa baki ya hura.

Ranar da abin ya kama shi yana tsakiyar gonar wani ne, rana ta take. Ya ji gani ya dushe, yawu na zuba ba ya iya tsayar da shi, ƙafafu suka ƙi ɗaukarsa. A amalanken shanu aka kai shi ƙaramin asibitin gari. Ma'aikaciyar da ke wurin, Elisabatu, mutuniyar Kudancin Kaduna ce da aiki ya kawo ta, ita ta sa aka tuɓe masa rigar da ta jiƙe da magani aka wanke shi tas kafin ta yi masa allura. Kwanansa biyar a kwance. Ranar sallama ta tsare shi a bakin ƙofa.

"Malam Sale, jikinka ya gama karɓar abin nan. In ka sake goya tankin, ban san ko zan iya tashe ka ba."

Bai sake ba. Hannunsa na dama ya riƙa rawa tun daga lokacin, ko warin maganin ya ji sai zuciyarsa ta tashi.

Ya koma kan fangalansa, ba kuɗin takin zamani, ba na magani. Matarsa Ruƙayyatu ke tara kashin awaki da tokar murhu a bayan ɗaki, shi kuma ya kwashe da jaki. Da damina in 'ya'yan dogonyaro sun zuba, sai ya bi gindin itatuwan makarantar firamare yana tsincewa, ya shanya, ya adana a buhu. In rani ya zo ya daka su, ya jiƙa su kwana, ya tace da tsohon ɗankwali, ya ɗan narka sabulun salo a ciki, ya bi albasa yana yayyafawa da tsintsiya. Karan dawa suke girki da shi, ba ya yarda a sari itace ɗanye. Mutane suka laƙaba masa Sale Mai Ɗaci. Albasarsa ba ta kai ta maƙwabta girma ba, amma da ita ake lallaɓa gida. Shekara huɗu aka yi haka ba wanda ya kula shi, sai dai a yi dariya a wuce.

A ta biyar ƙwari suka zo da yawan da ba a saba gani ba. Ƙanana ne, ba su kai ƙwarkwata ba, suna ɓuya a wuyan ganye su tsotse shi har ya yi fari-fari ya bushe daga sama. Manoma goma sha ɗaya ne ke shan ruwa daga magudana ɗaya da Sale, kuma gonarsa ce a tsakiya. Suka yi feshi, suka sake, suka sauya magani, ƙwari na nan.

Zayyanu, maƙwabcinsa na gabas, wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a albasar shekarar, shi ya fara faɗa. Ya ce in sun fesa, ƙwarin gudu suke su fake a gonar Sale, in wari ya lafa su dawo. Kafin kwana biyu maganar ta zama ta kowa.

Shugaban masu shan ruwan magudanar kuwa Mainasara ne, yayan Sale uwa ɗaya uba ɗaya. Ya same shi yana cire ciyawa, ya tsaya kan kunya bai ko zauna ba.

"Jama'a sun yi magana. Ko ka yi heshi, ko ka bari a yi maka. Mun ba ka kwana ukku."

"Yaya, kai kad ɗauke ni cikin amalanke. Ka san abin da yas same ni."

"Na sani. Ba kai za ka goya ba, Zayyanu ya ce shi yi maka kyauta."

"In anka hesa, wa ka shiga ciki shi yi cira? Wa ka ban ruwa? Ni na. Kuma ruwan da ka hita gonag ga, can ƙasa mata ka ɗiba."

Mainasara ya kau da kai. "In kwana ukku sunka cika ba ka yarda ba, toshe maka ruwa za a yi. Ba ni iya hana su."

Albasa ta fara ɗaura kai a lokacin. Kowane manomi ya san in ta yi mako ba ruwa cikin wannan zafi, an gama.

Sale ya je wurin Elisabatu ko za ta yi musu magana. Ta saurare shi har ya ƙare, sannan ta ce ita baƙuwa ce, in ta sa baki a rikicin gona sai a ce ta ɗauki ɓangare, gobe wasu su ƙi kawo matansu awo. Abin da za ta iya shi ne, duk wanda ya tambaye ta game da jikinsa za ta faɗi gaskiya. Ba wanda ya je ya tambaye ta.

Ranar Alhamis da hantsi suka zo, su takwas, Zayyanu a gaba da tanki cike a bayansa. Sale na tsaye a bakin fangalin farko. Iska ta kwaso warin ta watsa masa, ya cusa hannunsa na dama cikin aljihu.

"Kauce," in ji Zayyanu.

"Ba ni kaucewa. A tumɓuke albasa biyat nan, a tumɓuke biyat wurinka, a kakkaɓe bisa hwarin ƙyalle kowa shi gani."

Wani dattijo ya ce ai wannan ba laifi. Aka shimfiɗa rawaninsa a ƙasa aka kakkaɓe. Ƙwari suka zubo daga na Sale, suka zubo daga na Zayyanu. In akwai bambanci, ido bai iya raba shi ba.

"Kun gani!" Zayyanu ya ɗaga murya. "Ga su nan gonatai!"

"Ga su nan taka, kai da kay yi heshi sau huɗu," in ji Sale.

Zayyanu ya ɗaga sandar feshin ya yi taku biyu, bakin famfon na ɗiga, saura kaɗan ya taɓa rigar Sale. Sale bai ja da baya ba. Mainasara ne ya shiga tsakani ya riƙe sandar.

"Ba a hesa ma mutum gona da ƙarhi. Amma abin da munka ce, shi za a yi."

Ya karɓi fartanya, da hannunsa ya ja laka ya toshe bakin da ruwa ke shiga gonar ƙanensa, ya tattake da ƙafa. Bai dubi Sale ba har suka tafi.

Da Sale ya koma gida ya gaya wa Ruƙayyatu. Ta tambaye shi, "To mi za mu ci in ta mutu?" Ya ce bai sani ba. Ta ce da ya bari an fesa sau ɗaya, ita ta shiga ta yi cirar. Ya ce ba zai tura ta inda shi ya kasa shiga ba. Ranar ba su ƙara magana ba. Washegari da ya ɗauki garwa biyu, sai ya ga ta yafa mayafi ta ɗauki tulu ta biyo shi.

Akwai wani kududdufi da ambaliya ta bari, tafiya mai ɗan nisa daga gonar. Daga nan suka riƙa jido. Tun ranar farko suka gane ruwan hannu ba zai riƙe fangali ashirin da huɗu ba. Sale ya zagaya ya zaɓi goma sha biyu da suka fi ƙarfi, ya kafa kara a bakinsu. Sauran ya bar su, kullum yana wucewa ta gefensu yana ganin ganye na kwanciya.

In rana ta yi sanyi kuma sai ya shiga haƙa rijiya a kusurwar gonar, don ya tuna cewa da jigo mahaifinsu ke ban ruwa kafin a yi madatsa. A rana ta uku, ya kai zurfin da ya shanye shi, gefe ɗaya ya zabtaro. Yashi ya binne shi har ƙugu. Ruƙayyatu ta kwala ihu. Akwai mutane biyu a gonakin kusa, suka ɗago suka duba. Ɗayansu ya sheƙo ya miƙa masa igiya suka jawo shi, ya karkaɗe hannu ya koma aikinsa. Sale ya zauna har numfashinsa ya daidaita, ya saƙa karan dawa ya tokare gefen, ya sake shiga. A rana ta biyar laka ta fara tsattsafo da ruwa. Ya kafa gwafar jigo, ya ɗaura doguwar sanda da curin laka a gindinta, guga a bakinta.

Kwana goma sha shida yana jan jigo, tafin hannunsa ya fashe. Ƙwarin maƙwabta ba su ragu ba, ko da rabin gonarsa ya bushe ƙamas. Wata safiya ya iso ya tarar an buɗe bakin magudanar, ruwa na kwarara cikin fangalan da suka riga suka mutu. Bai tambayi wanda ya buɗe ba, ba kuma wanda ya ce shi ne.

Kowa ya yi asara a shekarar. Zayyanu ya sayar da injin niƙansa ya tafi ci-rani, har yau ba ya gaisa da Sale. Abin da Sale ya tono daga fangali goma sha biyun bai cika rudun ajiyar albasa ɗaya ba, kuma ƙanana ne. Suka ci tuwo ba nama har damina, aka sayar da akuya biyu.

Shi da Mainasara kuwa sai da aka yi wata bakwai ba su zauna tabarma ɗaya ba. Mahaifiyarsu Inno ce ta kira su ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita, ta ce ba ta shan magani sai ta ga sun ci abinci a akushi ɗaya. Suka ci, kowa kansa a ƙasa. Da suka wanke hannu Mainasara ya ce gobe zai kai Inno Goronyo a duba ta, ko Sale na zuwa. Sale ya ce yana zuwa, a biyo masa da sassafe.