Ƙasar Zauren Baba

A zauren gidanmu na Jibiya akwai wata kalanda da wani direban kamiyo, wato babbar mota, ya kawo wa Baba daga Maraɗi. Shekararta ta wuce tun ina aji uku, amma Baba ya hana a cire ta, saboda hoton. Wata tsohuwar fada ce ta dutse a Faransa, bisa tsauni, da hasumiya biyu, ɗaya ba rufi.

Da na zama malamin makaranta, na karanta masa rubutun da ke ƙasan hoton da Faransancina na bakin iyaka, wanda ya fi dacewa da ciniki da gaida 'yan duwan, wato kwastan ɗin tsallaken iyaka. Wani basarake ne ya gina ta don tsaron hanya. Yaƙi ya ci rufinta, mutanen ƙauye suka riƙa kwasar duwatsunta suna gina ɗakunansu, har hukuma ta sa doka: ko tsakuwa kada a ɗauka, kuma gyara sai da irin kayan da aka gina ta. Baba ya ce ashe su ma sai abu ya kai rabi suke sanin darajarsa.

Bayan rasuwarsa, manyan motoci suka gama da zauren. Kowace ta wuce sai bangon gabas ya ƙara buɗe baki. Ƙanena ya ce a rushe a yi shaguna, ga hanya ga kasuwa. Ni kuwa na tashi da laccar Faransa, har da maganar 'yan baya. Ya saurara da ladabi, sannan ya tambaya ko Faransawan za su zo su riƙe bangon idan damina ta sauka.

Inna ce ta raba mu. Ashe tsayuwar zauren ba ta dame ta ba, don ta san ya gaji. Abin da ke ci mata rai shi ne ta ji an ce za a kwashe ƙasar a cike wani rami a hanyar Daddara.

"Bangon da babanku ya jingina da shi har ya yi sulɓi, shi mota za ta taka?" in ji ta. "Ku dai jiƙa mini ita. Tsohuwar ƙasa ta fi kama jiki."

Haka aka saba tun dā: gini in ya faɗi, a farfasa shi, a kwaɓa da ciyawa, a sake ɗora shi. Aka rushe zauren, aka kwana ana jiƙo, aka tattake, aka yi tubali, aka tayar mata da ɗaki a cikin gida, aka shafe da makuba. Shagunan suka tashi a waje da bulo.

Kalandar tana ɗakin yanzu, a bangon gabas. Nan Inna ke shimfiɗa tabarmarta bayan la'asar, ta jingina, tana jan carbi.